Wa Zai Rubuta Labarin Masu Sana'a na Kabi?

Ran da a ke bikin kamun kifi a Argungu, tun da sassafe jama'a su ke cika bakin Matan Fada, har ba masaka tsinke. Masunta dubbai su jeru a gaɓa, kowa da goransa da homarsa, suna jiran a buga bindiga. Da an buga sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, makaɗa suna bin su cikin jirage. Kafin awa guda ta cika an gama, a kai manyan kifaye gaban baƙi a auna, a ba wanda ya fi kyauta. A bikin 2020 kifin da ya ci ya kai kilo 78. Daga nan baƙi su shiga motocinsu su koma garuruwansu, suna cewa sun ga sana'ar Kabawa. Alhali kuwa wasan awa ɗaya suka gani. Sana'ar kanta, wadda ta ciyar da ƙasar nan shekaru ɗaruruwa, tana cikin kawunan waɗansu tsofaffi, kuma kowace damina adadinsu raguwa ya ke yi.

Tarihin sarautar Kabi kam ba a yi sakaci da shi ba. Ɗan makaranta a Argungu ko a Birnin Kebbi ya iya zuba shi kamar karatun allo. Ya san Muhammadu Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songai tawaye wajen shekara ta 1516, ya gina Surame da Gungu da Leka. Ya san Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya komo Birnin Kebbi a farkon ƙarni na 18. Ya san rundunar jihadi, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja, ta ci birnin a 1805, Yakubu Nabame ya sake ta da Kabi daga Argungu a 1849, aka yi Lafiyar Toga a 1867. Ya san kuma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gaba, aka shirya kamun kifi don girmama baƙo, shi ne mafarin bikin nan. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a sani. Amma a tambayi yaron nan wa ya sassaƙa jiragen da mayaƙan Kabi suka riƙa shiga, da wane itace, a wane gari, ko a tambaye shi inda aka haƙo tamar da aka ƙera masu da kibau, sai ya yi tsit. Malaminsa ma tsit zai yi, domin littafin da ya karanta bai faɗa ba.

Ana ba da labari cewa Kanta yana da jirgi wanda aka lulluɓe da tagulla, a cikinsa ya ke zaga garuruwansa in ruwa ya cika. Ana kuma cewa sa'ad da a ke ginin ganuwar Surame Nufawa suka makara, sai ya sa su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗe maimakon ruwa. Don a nuna ƙasaitar Kanta a ke ba da waɗannan labaru. To, amma mai hankali in ya saurara zai ji wani abu a ƙarƙashinsu. Ashe akwai maƙeran da suka iya buga tagulla har ta rufe jirgi, akwai fataken da suka kawo ta daga nesa, akwai kuma magina waɗanda suka jera duwatsun da har yau suna nan tsaye a dajin Surame. Ko sunan mutum ɗaya daga cikinsu bai iso wannan zamani ba.

Birnin Kebbi da Argungu garuruwan bakin ruwa ne, kuma ruwan ne ya yi su. Gulbin Kabi, watau ruwan Rima da na Sakkwato bayan sun haɗu, ya kan cika da damina ya malale fadama mai faɗin gaske, ya bi ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza har ya faɗa Kwara. Cikin fadamar nan a ke noman shinkafa tun ba a san Bature ba, irin ta gargajiya mai jan ƙwaya, wadda ke ƙara tsawo tana bin ruwa in yana hauhawa. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna cike da kifi: giwan ruwa, da yauni, da balli, da ƙarfasa, da tarwaɗa, da kurungu. Wanda bai san su ba ya kan zaci jefa ƙugiya ne kawai. Ina! Akwai homa, akwai taru, akwai birgi, akwai mamari, akwai gura da undurutu, kowanne da lokacinsa, da zurfin ruwan da ya dace da shi, da irin kifin da ya ke kamawa. Bayan kowane Basarke kuma akwai mutane tsaye. Akwai masassaƙin jirgi da gizagonsa, akwai mai murza zaren raga, akwai maƙerin ƙugiya da zago, akwai manomin duma wanda ke ba da goran da a ke hawa, akwai matan da ke banda, sa'an nan falken da zai ɗaure bandar ya kai ta kasuwannin nesa. In aka ce Kabi ƙasar su ce, to, duk waɗannan a ke nufi.

Sana'ar kuma tana da doka. Sarkin Ruwa da Homa da sauran masu sarautar ruwa su ke da ikon rufe wuri da buɗe shi. Akwai tafkin da ba a taɓawa sai an yi fashin ruwa, watau an buɗe lokacin su, kuma kowane gari ya san iyakar ruwansa. Ma'aikatan kifi na zamani sun je makarantu sun koyo cewa dole a bar kifi ya yi ƙwai ya girma kafin a kama shi. Kabawa sun daɗe da sanin haka, sun kuma san yadda a ke sa mutane su bi, abin da dokar takarda ta kan kasa.

A tudu kuwa akwai marina da karofinsu, da masu bugu, da masaƙa, da majema, da maƙera. A Birnin Kebbi har yau akwai shiyyar da a ke kira Maƙerar Gandu, sunan kansa ya isa ya sa mutum tambaya. Kasuwar Jega, a bakin gulbin Zamfara, ta shahara a ƙarni na 19, fataken goro masu zuwa Gwanja su kan bi ta nan da tufafi da sauran haja. Daga yamma kuma gishirin Foga ya ke zuwa, daga kwarin nan da yanzu ya faɗa cikin ƙasar Nijar, inda a ke kankaro ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Kwarin Foga yana cikin wuraren da aka yi ta gwabzawa a kansu tsakanin Kabi da Gwandu. Littattafai su kan faɗi wanda ya ci da wanda aka kora, su manta da faɗin cewa gishiri ne ya sa wurin ya zama abin faɗa.

Ɗan abin da aka rubuta game da waɗannan sana'o'i, yawancinsa baƙi ne suka rubuta. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya wuce Foga ya ga masu gishiri, ya rubuta yadda su ke aiki. Wani Bature ma'aikacin mulki a Lardin Sakkwato, P. G. Harris, ya buga bayani a kan masuntan Kabi a wata mujalla ta London a 1942. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya rubuta labarin Sarkawa masu bin Kwara da jiragensu, aka buga a 1950. Paul Lovejoy ya fitar da littafi a kan gishiri da cinikinsa a 1986. Daga 'yan ƙasa kuwa, M. B. Alkali ya yi nazarin Kabi ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1969. Allah ya saka musu, da ba don su ba da abin ya fi haka muni. Amma da Turanci da Faransanci da Jamusanci suka rubuta, kuma takardun suna can jibge a ɗakunan karatu na nesa. Jikan Basarken da Harris ya yi wa tambayoyi bai taɓa ganin abin da kakansa ya faɗa ba. Bayan haka, baƙo komai ƙoƙarinsa baƙo ne. Ya kwana biyu ya wuce, ya ji ta bakin tafinta, kuma abin da aka ga dama aka faɗa masa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka aikin nan ya rataya a wuyan mutanen garuruwan, musamman waɗanda suka shiga ajin manya suka fito da iya karatu da rubutu. Su ne 'ya'ya da jikokin masu sana'a, da yawansu ma su ne masu sana'ar. Amma da zarar an faɗi haka sai masu musu su taso.

Na farko su ce tarihi labarin sarakuna ne da malamai da mayaƙa, labarin mai banda kuwa hira ce. Waɗannan a tambaye su da me Kabi ta tsaya wa Sakkwato da Gwandu fiye da shekara hamsin, daga 1849 har zuwan Turawa. Jaruntaka kam akwai ta, ba mai musu. Amma jarumi sai ya ci ya ke yaƙi, dokinsa sai an saya, mashinsa sai an ƙera, fadamar da ke hana dawakin abokan gaba wucewa kuwa sai da jirgi da wanda ya san mashigi. Wanda ya rubuta yaƙi ya bar shinkafa da kifi da ƙarfe, rabin labari ya rubuta, kuma ko darajar sarakunan bai cika ba, tun da bai nuna abin da suka mallaka ba.

Na biyu, waɗansu 'yan boko ne masu ganin cewa bincike sai mai digiri. Su ce wanda jiya-jiya ya koyi haɗa baƙi da wasali ina shi ina tarihi, zai cika takarda da tatsuniya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tsoho ya kan manta, ya kan kuma ƙara gishiri, musamman in zancen ya taɓa gidansu. Amma maganin wannan a koya wa mai rubutu yadda zai tambayi mutum biyu ko uku, ya rubuta sunan wanda ya faɗa masa da ranar da ya faɗa. Masana su zo daga baya su tace. Abin da aka rubuta da kuskure ana iya gyara shi, wanda aka binne da mai shi kuwa ba digirin da zai tono shi. Jihar Kebbi, tun da aka kafa ta a 1991, ta sami jami'a a Aliero, da ta Tarayya a Birnin Kebbi, ga kwalejin horar da malamai a Argungu. Duk da haka malamansu ba su kai yawan da za su zauna a kowane zaure na kowane ƙauyen bakin gulbi ba, kuma tsoho ba zai saki jiki da su kamar yadda zai yi da jikansa ba.

Na uku su ne suka fi wuyar sha'ani, domin ba su fitowa fili su yi musu. Su ne waɗanda Allah ya ɗaukaka, suka zama ma'aikata ko attajirai, suka shiga jin kunyar a ce kakansu majemi ne ko marini ko mai su. In aka zo zancen asali, kowa sai ya laluɓo wata sarauta ya jingina da ita. In aka bi ta tasu, Kabi gaba ɗaya 'ya'yan sarki ne, a rasa wanda ya rina rigar da sarkin ya sa. Wannan kunya ita ce ta fi gara cin tarihi. Yaro ya tashi a gidan da akwai tsohon karofi a bayan ɗaki, an cike shi da shara, ba wanda ya gaya masa cewa da shi aka gina gidan.

Akwai kuma masu tsoron cewa cikin al'adun ruwa akwai abubuwan da addini bai yarda da su ba, kamar yanke-yanken da a ke yi a da wajen gyaran ruwa, don haka gara a bar su su mutu. Rubuta abu dabam, aikata shi dabam. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin Kanta da na daulolin da suka gabaci jihadi a cikin Infaƙul Maisuri, bai kuwa rage masa komai ba.

Kada a zaci wannan zance na sha'awa ne kawai, irin na masu tara tsofaffin kaya. Rashin rubutu ya riga ya jawo hasara. An gama dam ɗin Kainji a kan Kwara a 1968, na Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, na Goronyo a kan Rima a cikin shekarun 1980. Kowannensu ya sauya yadda ruwa ke zuwa da yadda ya ke janyewa. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori yana tambaya, ya buga sakamakon a 1985: ambaliyar da fadama ta dogara da ita ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Masu auna amfanin dam suna da takardu da alƙaluma, masunta da manoman fadama kuwa ba su da komai sai baki. Da a ce kowane gari yana da littafi wanda ya nuna tafkunansa da sunayensu, da watan da kowanne ke cika, da gidajen da ke ci daga gare shi, da an sami abin ajiyewa a kan tebur ran da a ke lissafin riba da hasara. Haka kuma a 2020, da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ya kamata a ce akwai inda za a buɗa a ga shekarun da ruwa ya taɓa yin irin wannan cika, da inda ya tsaya, da irin shinkafar da ta tsira. Tsofaffi sun sani, ba a dai tambaye su da alƙalami a hannu ba.

Ba kuwa sabon abu a ke nema ba, an taɓa yi. Alhaji Umaru, limamin Kete Krachi a ƙasar Gana ta yanzu, an haife shi a Kano a 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Ya zauna ya rubuta da Hausa, cikin ajami, bayanin noma da saƙa da rini da ƙira da fatauci na ƙasar Hausa, ya ba wani Bajamushe mai suna Mischlich. Babban malami ne, bai ga ƙasƙanci ba a rubuta yadda a ke haɗa baba. Ya rasu a 1934, shekarar da aka fara bikin Argungu, kuma har yau masu nazari suna sha daga abin da ya bari. Baba ta Karo, tsohuwa a ƙasar Zazzau wadda ba ta yi boko ba, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga a 1954, ya zama littafin da a ke karantawa a jami'o'in duniya. A ƙasar Suwidin kuma wani marubuci, Sven Lindqvist, ya duba tarihin kamfanonin siminti na ƙasarsu ya ga masu kamfani kaɗai a ke ambata, sai ya fitar da littafi a 1978 yana koya wa leburori yadda za su binciki tarihin wurin aikinsu da kansu. Ma'aikata suka kafa ƙungiyoyi a garuruwa da yawa, suka tono labarin masana'antun da suka mutu. Ba su fi mutanen Gulma ko Zauro kai ba.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu, da biro, da goron gaisuwa. Mai waya ya ɗauki murya, amma ya kwafe ta a takarda, domin waya ta kan faɗa ruwa ko a sace ta. Mutum ya fara da gidansu. Kada ya ce wa tsoho ya ba shi tarihi, don in ya ce haka Kanta za a ba shi. Ya tambaye shi wa ya koya masa sana'a, da wane itace a ke sassaƙa jirgi, daga ina a ke kawo shi bayan itatuwan kusa sun ƙare, kwana nawa a ke yi, nawa a ke sayarwa, yaushe jirgin katako da inji suka shigo. Ya tambayi marini shekarar da ya rufe karofinsa da abin da ya sa, ko atamfar kanti ce, ko shunin gwangwani, ko 'ya'ya ne suka ƙi gado. Tsoho ba zai faɗi shekara da lamba ba, zai ce zamanin Sarki Sama, ko shekarar wata yunwa, ko kafin a yi gada. A rubuta haka nan, a nemi lambar daga baya. A kuma rubuta maganarsa da Kabancinsa yadda ta fito, kada a gyara ta ta koma Hausar rediyo, domin sunan kowane ƙulli na raga da kowane sashe na jirgi a cikin wannan harshe ya ke zaune.

Mata da suka yi ajin manya suna da rabo babba a nan, har ya fi na maza. Kaɗi, da banda, da turara shinkafa a yi gumi, da kai kifi kasuwa, duk a hannun mata su ke, kuma Turawan da aka ambata ba su shiga cikin gida ba. Wannan ɓangare kusan babu komai a rubuce. Mace ce za ta zauna da kakarta a tsakar gida ta ji nawa a ke sayen abawa, da wanda ke zuwa saye, da abin da a ke yi da kuɗin.

In ɗalibai goma na aji ɗaya suka cika littafi goma, sai su haɗu su karanta wa juna, a gaban tsofaffin in da hali, don wanda ya ji an kauce ya gyara. Sa'an nan a yi kwafi uku. Ɗaya ya zauna wurin mai unguwa ko hakimi, ɗaya a kai makarantar garin, ɗaya a kai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Gidan nan fadar Sarkin Kabi ce har 1942, aka buɗe shi ga masu kallo a 1958, kuma abin da baƙo ya ke fara gani a ciki takubba ne da masu da bindigogi da tambura. Ko da an rataye homa a gefe, homa ba ta magana, sai an ajiye bayanin mai ita kusa da ita. Hukumomin da ke kashe kuɗi masu yawa wajen bikin da Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016 ba za su rasa na sayen kabad da takardu ba.

Kada kuma a tsaya ga abin da ya wuce. Injin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, da na Labana a Birnin Kebbi, suna da ma'aikata, da direbobi, da 'yan dako, da manoman da ke kai musu shanshera. Waɗanda suka ga ranar da aka fara aza tubali suna nan da ransu da ƙuruciyarsu, sun san abin da ke filin kafin a yi gini, sun san matan da ke casa da turmi kafin inji ya zo da abin da ya same su bayan ya zo. Yanzu ne tambayarsu ta ke da sauƙi.